Wasiƙar Godiya ga Ofishin Kula da Ɗaliban Ƙetare na Jami'ar Harsuna da Al'adu ta Beijing

Malamaina masu girma,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a. Na riga na gode muku baki da baki da ɗan Sinancin da kuka sa mini a baki, amma hakan bai ishe ni ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma ina so iyayenmu na gida da ƙannenmu masu niyyar zuwa su san irin mutanen da ke riƙe da amanar 'ya'yansu a nan. Shi ya sa na rubuta da Hausa. Ba za ku rasa mai karanta muku ba, tunda a cikin Beijing ɗin nan ana koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje, kuma rediyon ƙasar Sin yana watsa shirye-shiryen Hausa tun 1963.

Wanda bai taɓa sauka a ƙasar da ko allon kan titi ba ya iya karantawa ba, ba zai san nauyin makonnin farko ba. Dole a yi wa baƙo rajistar wurin kwana cikin awa 24 da isowarsa. Mai bizar dogon karatu kuma yana da kwana 30 kacal ya mai da ita takardar izinin zama, bayan an duba lafiyarsa a asibitin da hukuma ta amince da shi. Ga layin waya, ga asusun banki, domin a nan ko shayi za ka saya, da waya ake biya, ta WeChat ko Alipay. Duk wannan kun jera mana shi a takarda ɗaya, mataki bayan mataki, kun tara fasfo ɗinmu, kun duba kowane fom kafin a kai shi ofishin shige da fice. Ba wanda ya ce mu dawo gobe don kawai ya gaji. Ba wanda ya nemi ko sisin kwabo. Har wani matashi cikinku ya zauna ya nuna mini yadda zan sa ƙanena ya buɗe wa mahaifiyarmu WeChat, tunda WhatsApp ba ya aiki a nan. Beijing tana gaban Kano da awa 7, don haka in na idar da sallar azahar ita kuma ta gama azkar ɗin asuba, sai mu gaisa. Ku kuka kwantar mata da hankali, kuma ta ce lallai in isar muku da gaisuwarta.

Sai karatu, wanda shi ya kawo mu. Jarrabawar tantancewa da kuka shirya a makon farko ta sa kowa a ajin da ya dace da shi, kuma da wani abokina ɗan Nijar ya ga ajinsa ya yi masa nauyi, kun saurare shi kun canza masa ba tare da kunyata shi ba. Kullum da sassafe muke shiga aji, ba ma fitowa sai rana ta take tsaka. Akwai darasin nahawu da karatu, akwai na magana, akwai na sauraro, wanda shi ne ya fi sa ɗalibi gumi. A gefena akwai 'yar Koriya, a bayana ɗan Kazakistan, gaba kuma ɗan Italiya da 'yar Tailan. Tun 1962 wannan makaranta take koyar da baƙi Sinanci, har ana yi mata kirari da ƙaramar Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba mu da harshen da ya haɗa mu sai wanda muke koyo. Da shi muke aron biro, da shi muke musu a kan ƙwallo, ko da kuwa a karye yake fita.

Bahaushe yana zuwa da ɗan jari a kunne, domin mu ma harshenmu yana hawa yana sauka. Amma karin sautin Mandarin, wato Sinancin da ake koya mana, huɗu ne, kuma na uku, mai nutsewa ƙasa ya sake tasowa, ba ya cikin abin da muka saba. Malamar magana takan tsaya a gabana tana zana shi da hannu a iska, ta sa in maimaita, ta sunkuyar da kai ta ɗago, ni ma in bi ta, har muryata ta kama hanya. Ban taɓa ganin ta ƙosa ba. Rubutu kuwa duniya ce daban. Ana ba ka littafi mai gidaje murabba'i, kowane gida an raba shi huɗu da ɗigo-ɗigo, ka zauna kana cika shi da harafi ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kowane zane da lokacinsa. In ka fara da zanen da ya kamata ya zo ƙarshe, malami yana kallon harafin zai gane. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tarbiyya: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa har hannu ya haddace. Kusan kowace safiya akwai shifta, malama tana faɗa muna rubutawa, ba pinyin (rubuta Sinanci da haruffan boko), ba leƙe. A ganina wannan tsananin shi ne gatan da aka yi mana. Ba don shi ba, da kalmomi 1,200 da ake nema a mataki na 4 na jarrabawar HSK ta gwada ƙwarewar baƙi a Sinanci, a tsarin da muka yi karatu a kai, ba su zauna mini ba.

Ku ne kuma kuka haɗa ni da abokin hira, ɗalibi Basine mai karatun Larabci. Da yamma mukan zauna a ɗakin karatu ko mu taka zuwa unguwar Wudaokou da ke kusa da makaranta, rabin lokaci nasa, rabi nawa. A wurinsa na koyi Sinancin da ba ya cikin littafi, irin na ciniki da na direban tasi.

Abin da ya fi damun iyayenmu kafin mu taso shi ne abinci da ibada, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Tun ranar farko kuka nuna mana gidan cin abincin Musulmi da ke cikin makaranta, kuka koya mana gane alamar halal da Sinawa ke rubutawa a ƙofar shago. Akwai taliyar da ake ja da hannu a gabanka, akwai gurasa, akwai tsiren rago irin na yankin Xinjiang mai ƙamshin yaji. Ban taɓa kwana da yunwa don shakkar abin da ke cikin kwano ba. Game da ibada kuma kun faɗa mana gaskiya ba rufa-rufa: dokar ƙasa ba ta yarda da taron addini a harabar makaranta ba, amma ga masallatai a gari, ga jirgin ƙasan da za ka hau, ga tashar da za ka sauka. Na fi girmama wannan a kan a yi mana daɗin baki. Da kwatancenku na je masallacin Haidian, daga baya na je na Niujie, wanda aka fara ginawa a shekarar 996. Rufinsa irin na gidajen sarakunan Sin ne, ciki kuma ga ayoyi da Larabci, ga dattawan ƙabilar Hui, Musulmin ƙasar Sin, da fararen huluna suna matsa maka a sahu.

Ɗan Kano yana zaton ya san sanyi, sai ya ga Janairun Beijing. Tun kafin a kunna na'urar ɗumama ɗakuna a tsakiyar Nuwamba, wata baiwar Allah a ofishinku ta gan ni na shigo karɓar takarda da 'yar rigar sanyin da na zo da ita daga gida. Ta ajiye abin da take yi, ta taɓa hannun rigar, ta girgiza kai. Sai ta yagi takarda ta rubuta mini sunan irin rigar da zan nema, mai cike da gashin agwagwa, da kasuwar da zan samu da rahusa, da kuɗin da kada in wuce. Ta ƙara da cewa in sayi gorar ruwan zafi in riƙa yawo da ita. Da mura ta kwantar da ni daga baya, ɗaya daga cikinku ya raka ni asibiti, ya yi mini tafinta, ya nuna mini yadda inshorar ɗalibai ke aiki, washegari kuma ya bugo waya ya ji ko na ci abinci. Wannan ba ya cikin takardar aikin kowa.

Lokacin Bikin Bazara, wato sabuwar shekarar Sinawa, da gari ya watse kowa ya tafi mahaifarsa, ba ku bar mu mu kaɗai a ɗakunan kwana ba. Kun tara mu muka naɗa jiaozi, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama, kun ware mana namu kwano da naman halal ba tare da mun roƙa ba. Kun kai mu Babbar Ganuwa. A bikin al'adun duniya da makaranta ke yi kuma kun ba mu rumfa, muka sa babbar riga da hula, Sinawa suka yi layi suna ɗanɗana zoɓo.

Ina da roƙo ɗaya. 'Yan Afirka ta Yamma masu son Sinanci suna ƙaruwa, daga masu fatauci a Guangzhou da Yiwu zuwa waɗanda suka fara a cibiyoyin koyar da Sinanci na Confucius da ke Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Da yawansu za su ƙwanƙwasa ƙofarku ba su san kowa ba. Don Allah ku karɓe su yadda kuka karɓe mu. Mu da muka riga su mun ɗauki alkawarin tarbar su a filin jirgi da yi musu tafinta a makon farko, in kun ba mu dama.

Ku miƙa gaisuwata ga malaman ajinmu, da masu gadin ɗakin kwana da ke buɗe mana ƙofa cikin sanyi, da masu dafa abinci. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara ɗaukaka wannan makaranta.

Naku mai godiya,
Ɗalibin musaya daga Kano