Takardar Koke Kan Ƙudirin Dokar Bayyana Sinadaran Ƙunzugun Jarirai

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jiha, ta hannun Shugaban Kwamitin Lafiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyaye da masu renon yara da muka sa hannu a ƙasa muna roƙon majalisa ta zartar da ƙudirin da zai tilasta wa kamfanoni rubuta duk abin da suka haɗa ƙunzugun jarirai da shi, wato famfas, a jikin ledarsa.

Jariri sabuwar haihuwa ana canza masa ƙunzugu sau takwas zuwa goma a rana, kuma abin yana manne da fatarsa dare da rana har shekara biyu ko uku, a wurin da fata ta fi laushi. Da yawa daga cikinmu mun kwance wa yaro ƙunzugu cikin dare mun tarar cinyoyinsa sun yi jawur da ƙuraje, daidai inda robar gefe ta kama. Da likita ya tambayi me ke cikin ƙunzugun, sai uwa ta juya leda gaba da baya, ba ta ga komai ba sai hoton jariri yana murmushi da nauyin kilo. Shi ma likitan ba shi da abin dubawa, sai dai ya ce a sauya wani a gwada, wato gwaji a jikin yaron da ba ya iya faɗin inda ke masa zafi.

A cikin ƙunzugu akwai sinadarin sodium polyacrylate mai tsotse fitsari, da leda, da gam, da rini, wani kuma har da turare da man shafawa. A watan Janairun 2019 hukumar ANSES, mai kula da lafiyar abinci da muhalli a Faransa, ta bayyana cewa ta gano dioxin (sinadari mai guba) da glyphosate (maganin kashe ciyawa) da wasu sinadaran ƙamshi a ƙunzugun da ake sayarwa a ƙasar. A Amurka, jihar New York ta wajabta rubuta sinadaran audugar mata tun 2019, sannan a Disamban 2024 Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu kan irin wannan doka game da ƙunzugun yara.

Abin da ya fi damunmu shi ne kalmar “turare”. Idan aka bar kamfani ya rubuta ta ita kaɗai, sinadarai da dama za su fake a bayanta, alhali ƙamshi na cikin abubuwan da suka fi tayar da ƙaiƙayi a fatar yara. Don haka muna roƙon dokar ta ce a ambaci kowane sinadari da sunansa, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, da rubutun da ido zai iya karantawa, a kuma tanadi tara ga kamfanin da ya ƙi bi.

Muna kuma roƙon kwamiti ya gayyaci iyaye da likitocin yara zaman jin ra'ayin jama'a kafin karatu na uku.

Allah ya yi muku jagora.

Mu ne,
Iyaye da masu renon yara da suka sa hannu.