A koya wa ɗaliban karkara tushen aikin jarida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan ƙungiyoyin 'yan jarida na makarantun sakandaren karkara a nan Jigawa. Yaranmu na da zuciyar aikin, amma ba mai nuna musu hanya.

Ranar Litinin yaro zai tsaya gaban ɗalibai da takarda a hannu, ya karanta cewa "an ce" ruwa ya ci gonaki a Auyo. Wa ya ce? Yaushe, a wane ƙauye, me ya jawo? Amsoshin nan ne ya kamata su buɗe labarin. In famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, a ji ta bakin yaran da suka jera jarkoki tun asuba, sannan a ji ta bakin mai unguwa. Marubuci ya ajiye ra'ayinsa gefe, kuma abin da aka turo ta WhatsApp sai an tantance shi tukuna.

An daɗe ana buga jarida da Hausa; tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Don Allah, Edita, ku ware wa ɗaliban shafi, wakilanku kuma su riƙa leƙa makarantunmu.

Naku,
Malamin makaranta, Ringim