Ba shugaban majalisa ne ke korar ɗan majalisa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku na daren Lahadi ya ɓatar da masu sauraro, kuma mai gabatarwa ya bar shi ya wuce ko tari bai yi ba. Wai shugaban majalisar dokokin Kamaru ne ke da ikon cewa wane ɗan majalisa ya zauna, wane ya fita. A wace doka ya karanta wannan?

A Kamaru hukumar zaɓe ta ELECAM ce ke shirya zaɓe, amma Majalisar Tsarin Mulki mai alƙalai 11 ita ke sauraron ƙorafi, ita ke bayyana sakamako, kuma hukuncinta ba ɗaukaka ƙara. Mai ƙorafi awa 72 kacal gare shi bayan rufe rumfuna. Nan ne 'yan takararmu na Arewa ke faɗuwa, don kafin a tattaro takardun rumfuna daga ƙauyukan Mayo-Rey a kai Yawunde lokaci ya ƙure. Majalisar Tsarin Mulkin ce ta soke zaɓen 'yan majalisa na 9 ga Fabrairu 2020 a wasu mazaɓun yankunan masu magana da Ingilishi, aka sake shi a watan Maris.

A zaman farko, mafi tsufa cikin 'yan majalisa 180 shi ke riƙe zauren. Abin da ake dubawa shi ne ko wani na riƙe da muƙamin da bai haɗuwa da kujerar, kamar minista. In haka ne, madadinsa da aka zaɓa tare da shi ya zauna. Ko da daga baya aka gano mutum bai cancanta ba, shugabannin majalisa kai magana kawai suke yi, Majalisar Tsarin Mulki ce ke tabbatar da faɗuwarsa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne baƙon bai ko taɓo inda gizo ke saƙa ba. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce wanda ya bar jam'iyyarsa ko aka kore shi daga cikinta ya rasa kujera. Tsarin mulkin 1996 kuwa cewa ya yi ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba a ɗaure masa ƙuri'a. To mutumin da takardar kora guda za ta raba shi da kujerarsa, ta yaya zai ɗaga hannu ya saɓa wa jam'iyya? Ga kuma waɗanda suka rasu. Madadi ba ya gadon mamaci, doka ta ce a yi zaɓen cike gurbi cikin wata 12, amma kujerun nan suna nan wayam, mutanen mazaɓunsu ba mai kaɗa ƙuri'a da yawunsu. Wannan ya kamata ku tambaye shi.

Sannan don Allah ku mayar da shirin tsohon lokacinsa. Kun kawo shi daidai sallar isha'i, muna fitowa masallaci rabi ya wuce.

Naku mai sauraro,
daga Garwa