Godiya Ga Masu Gyaran Da Suka Raba Jirgina Da Yoyo

Assalamu alaikum.

Na ga ya dace in fito fili in gode wa babban bakanike da yaransa na wurin gyaran jiragen ruwa da na kai nawa. Kusan wata biyu ruwa na taruwa a ƙasan jirgina, can ƙarƙashin daɓen katako inda inji yake. In kwashe da yamma, da safe in tarar ya kai idon sawu. Famfon kwashe ruwa sai ƙara yake, batir na mutuwa. Ni dai na riga na yanke cewa famfon ne ya gaji, sabo na je saye.

Oga bai sayar mini ba. Ya ce in yi haƙuri mu fara sanin ta inda ruwan ke shigowa. Suka tsane ƙasan jirgin tas da tsumma, suka barbaɗa hoda, muka zauna jira. Ba a jima ba sai ga siririn layin danshi ya ratsa hodar, daga inda sandar farfela ke fita ta jikin jirgi. Ya bayyana mini cewa an yi wurin ne ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan idan sandar na juyawa, don kada ya yi zafi, amma nawa zuba yake ko inji na kashe. Suka canja abin toshiyar, suka ɗaure noti daidai, ba su matse shi ƙam ba.

Ashe da sauran aiki. Ƙananan ramukan da ke haƙarƙarin jirgi, waɗanda ruwa ke bi ya gangara wurin famfo, laka da gutsattsarin igiya sun toshe su. Wani yaro ya kwanta rub da ciki yana tsokale su da waya ɗaya bayan ɗaya, hannunsa baƙi ƙirin da mai, bai ko yi tsaki ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Suka wanke rariyar famfo, suka miƙe tiyon da ya lanƙwashe, suka yanke wayar da tsatsa ta ci, suka ɗaga mahaɗarta sama inda ruwa ba ya kaiwa. Maɓallin da ke tasowa da ruwa ya kunna famfo shi ma datti ya maƙale shi, suka goge.

Tsohon famfona na nan yana aiki. Yau mako uku ke nan, kullum in ɗaga katako ƙasan a bushe yake.

Oga, na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya yi wa yaranka albarka, ya ƙara buɗi.

Naku,
Wani mai jirgi