Wata bakwai ke nan bakina ya ƙi buɗewa da addu'a

Zuwa ga Mama mai amsa wasiƙunmu a rediyo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ki yi haƙuri da rubutun nan, cikin dare nake yin sa bayan yara sun yi barci, kuma tun ranar Lahadi raina a ɓace yake.

Ni gwauruwa ce a nan Damagaram, shekarata 34, yarana uku. Har yau in na ce gwauruwa sai in ji kamar da wata nake. Baban yara ya koma ga Ubangiji wata bakwai da suka wuce. Tela ne a kasuwar Dole, kuma shi ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙan majami'armu.

Ranar Lahadin nan, ana tashi daga sujada, matar wan mijina ta tare ni a bakin ƙofa, a gaban matan zumunta, ta kama gefen zanena ta ce, "A'a, har an fara?" Atamfa ce mai ruwan ganye, Mama, shi da hannunsa ya ɗinka mini ita a Kirsimetinsa na ƙarshe. Kewarsa ce ta sa na ɗauko ta daga akwati. Maƙwabtana musulmi takabarsu wata huɗu da kwana goma ce, su gama su fita abinsu. Ni wata bakwai ina cikin baƙin zane, ba wanda ya ce sannu, rana ɗaya na canja na zama abin nuni.

Amma ba daga nan abin ya faro ba. Kwana tara da biso, Yaya, wato wan mijin nawa, ya zo ya ɗauki keken ɗinki wai zai adana. Yanzu keken yana shagon ɗansa, ana ta cin kuɗi da shi. Sau ɗaya ya aiko mini da jaka biyar, shi ke nan. Kuma dattijon ikilisiya ne fa! Da bakinsa yake tsayawa ya karanta mana Yakubu 1:27, inda ake maganar kula da marayu da gwauraye, ni ina zaune a layi na uku ina kallonsa. Yanzu kuma ya ce in tattara in koma ƙauyensu wajen Maraɗi, gun surukata, in bar masa babban ɗana mai shekara 12. Wai mace ita kaɗai ba ta riƙe gida a birni. To wa ya riƙe shi wata bakwai ɗin nan? Ƙosai nake toyawa tun asuba, ban taɓa kai ƙoƙon bara ƙofarsa ba.

Na san abin da ya ba su bakin magana. Kin san yadda ruwa yake a Damagaram, famfo ya yi kwanaki ko ɗigo babu, sai ƴan ga-ruwa, kuɗin kuma kullum hawa yake. Akwai wani ɗan'uwa a majami'a, shi ma matarsa ta rasu, ya kawo mana jarka biyu a kan babur. Sau biyu ne. To, sau uku. A ƙofar gida ya ajiye, ko zaure bai shiga ba, yara ne suka shigo da su. Shi Yaya da yake da amalanke, ya taɓa aiko mana ko da bokiti guda?

Na je wurin fasto, ya buɗe mini 1 Korintiyawa 7:39, cewa macen da mijinta ya mutu tana da damar auren wanda take so, in dai cikin Ubangiji ne. Na gode masa na fito. Amma ni ba zancen aure ya kai ni ba, na dai kasa faɗin abin da ya kai ni.

Mama, ba na iya addu'a. In na durƙusa na ce "Ya Uba" sai maƙogwarona ya toshe. A watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a garin nan, wani Alhaji maƙwabcinmu ne ya ɓoye mu a ɗakin uwargidansa, ina goye da babban ɗan nan. Ƙura na lafawa mijina ya ɗauki tsintsiya ya tafi sharar toka, yana waƙa. A ranar bangaskiyata ko gezau ba ta yi ba. Mutumin da Allah ya fisshe shi daga wuta, sai ga shi kwana huɗu kacal a kwance ya tafi. Na yi azumi, na yi kuka, na roƙa, shiru.

Littafinsa Mai Tsarki yana nan kan taga inda ya bar shi. Igiyar awonsa ce a ciki, ta raba shafi a Zabura 23. Nakan share masa ƙura amma ban buɗe shi ba. Shekaranjiya autata ta ce, "Mama, yi mana addu'ar abinci irin ta Baba." Na ce wanta ya yi. Na shiga madafa na zauna, ban ci tuwon ba.

Matan zumunta suna ta ce mini in zama kamar Rut. Ni kuwa Na'omi nake gani a jikina, wadda ta ce a daina kiranta Na'omi, a kira ta Mara saboda ɗacin da ta sha. Ban ga inda aka hukunta ta don ta faɗi haka ba, ko ni ce ban karanta da kyau ba?

Shin zunubi ne mutum ya yi fushi da Allah? Watan da ya wuce da aka miƙo jibin Ubangiji na bar shi ya wuce ni, kuma na san matar Yaya ta gani. Ranar Asabar mai zuwa ya ce zai zo da mota ya ɗauki yaron. In na kai ƙararsa gaban dattawa, shi ma yana cikin masu zaman. Ki faɗa mini, Mama, in hana shi yaron ko in yi shiru? Kuma Lahadin nan wane zane zan ɗaura?

Taki cikin Almasihu,
Wata gwauruwa daga Damagaram