Dariyar da aka yi wa dara a shirinku ba ta dace ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bawan Allahn nan da ya bugo waya a shirinku na ilimi na rediyo ranar Asabar bai faɗi abin dariya ba. Cewa ya yi a makarantarsu da dara suke koya wa yara lissafi. Sai mai gabatarwa ya tuntsire da dariya, ya ce ai wannan wasan 'yan zaman kashe wando ne a gindin bishiya, ya katse shi, ya koma kan baƙonsa da manhajojin waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba.

Ni malamar aji uku ce a firamare ta gwamnati, yaran ajina sun haura tamanin, rabinsu a ƙasa suke zaune. Baƙonku ya kwashe kusan duk lokacin shirin yana lissafo wasannin da ake saukewa a babbar waya da kwamfuta. Ina ne za mu samo wayar? Wa zai sayi data? Da wace wutar za a yi caji? Na gwada irin waɗannan wasanni a wayata da 'ya'yana a gida, wasu ba laifi, amma yawancinsu da Turanci suke magana, talla kuma na faɗowa a tsakiyar wasa. Yaron da bai gama gane goma da ashirin da harshensa ba, ba shi aka yi wa su ba.

Da mai gabatarwa ya taɓa durƙusawa ya haƙa gurbin dara, da bai yi dariya ba. Gida biyar ne a wannan gefe, shida a wancan. Nakan fitar da yara inuwar darbejiya in sa su haƙa da kansu, sannan in tambaya gida nawa ke nan. Wasu su ƙirga ɗaya bayan ɗaya, wani mai wayo ya ce shida sau biyar, 30, nan take sauran su ga cewa ashe ga gajeriyar hanya. Kowane ɗan wasa 'ya'ya 12 gare shi, ɗaya ya riƙe ƙwallon dabino, ɗaya tsakuwa. In an gama dasawa gida nawa ya rage babu kowa? Shida. Ga tarawa, ga ɗebewa, ga sau, duk kafin a fara wasan. In kuwa aka fara, yaro ba ya cin ɗan abokinsa sai ya jera uku, dole ya hango abin da zai biyo bayan motsinsa. Wannan hangen shi muke nema a lissafi, kuma bulala ba ta taɓa sa shi a kan yaro ba.

'Yan mata kuma ga carafke. Yarinya ta watsa duwatsu goma, ta kwashe ɗai-ɗai, ta kwashe bibbiyu, da ta zo uku-uku sai ɗaya ya rage mata. Rabawa ce mai saura, wadda in na rubuta a allo sai aji ya yi tsit.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne wata yarinya da ke tallar awara bayan an tashi. Ka ba ta naira 500 ka sayi na 350, kafin ka rufe baki ta miƙo maka 150. Amma in ta ga 500 a sama, 350 a ƙasa, an ja layi, sai idonta ya ciko da ƙwalla. Sauran yara suna ta rera "ba zai yiwu ba, mu ara ɗaya", ita ba ta san wa ake ara wa ba, balle a wurin wa. Muka fara wasan kasuwa da tsinken tsintsiya, goma-goma a ɗaure da roba. Aka ba ta ɗauri uku da tsinke biyu, aka ce ta biya 7. Ta dubi tsinke biyun, ta dubi ɗaurin, ta zare robar ɗaya ta warware shi, ta ce, "Malama, ashe canji ne!" Tun daga ranar ba ta ƙara kuka a darasin lissafi ba, yanzu ma ita ke nuna wa na kusa da ita.

Ba cewa nake a sake yara su yi ta wasa har a buga ƙararrawa ba. Duk abin da aka yi a ƙasa sai mun koma aji mun rubuta shi da lambobi, kuma malami ne zai riƙa jefa tambaya a daidai gaɓa, in ba haka ba an yi wasa kawai an tashi. Wannan aiki ne mai wahala, ga ƙura, ga hayaniya, amma muna yi don mun ga amfaninsa.

Ku kuma sai ga ɓarnar da dariyarku ta yi. Ranar Litinin wani uba ya zo har ƙofar aji, rai a ɓace, ya ce ko a rediyo an faɗa wasan marasa aikin yi ne, shi bai kawo ɗansa boko don a koya masa zaman dara ba. Da ƙyar shugaban makaranta ya lallashe shi. Mutanenmu sun yarda da rediyo fiye da yadda suka yarda da malamin firamare, ku ma kun san haka. Abin da muka daɗe muna ginawa da iyaye, kun girgiza shi cikin minti ɗaya.

Abin takaici ma, a ce a ƙasar Hausa ake raina wasa da lambobi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malami ɗan garin nan, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Ba batun tsibbu nake ba, lissafin da ke ciki nake nufi. Nakan zana wa yara gida tara in ce su zuba 1 zuwa 9, yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ku zo ku ga gardama kafin su gano cewa dole 5 ta zauna a tsakiya. A wannan gardamar kaɗai yaro zai yi tarawa fiye da wadda zan iya ba shi a aikin gida na mako guda, kuma shi ne ke roƙon a ƙara.

Ina roƙon ku nemo malamin da kuka katse, ku ba shi haƙuri a iska kamar yadda aka yi masa dariya a iska, ku bar shi ya ƙarasa maganarsa. Nan gaba kuma in za a yi magana kan koyar da ƙananan yara, a gayyato wanda alli ya taɓa hannunsa.

Tun da na riga na rubuto, don Allah ku dubi yawan tallan maganin gargajiya da kuke cusawa a shirin. Shirin rabin awa, a yanka shi da tallan maganin basir da na ƙarfin maza, alhali kun san da 'ya'yanmu muke saurare. Ranar Asabar ɗin sai da na rage murya. Ku mayar da irin wannan talla can dare.

Wassalam.

Malamar aji uku,
Katsina.