Auwalu, ga amsar maganar bindigar da ka tambaye ni

Assalamu alaikum Auwalu. Ya gida ya iyali, ya zafin Riyad? Mu nan Jidda Alhamdulillahi, sai gumi kawai. Na saurari saƙon muryar da ka turo, doguwar magana ce shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, in ka manta wani abu sai ka koma ka duba.

Ka jero min sunan harsashi har iri biyar kana tambayar bindigar wanne za ka saya, .243 da 6.5 Creedmoor da 7mm-08 da .270 da .308, ka ce abokanka na nadi, wato kulob ɗin harbi, kowa da wanda yake zuga ka a kai. To su dai kowa kuɗin da ya riga ya kashe yake karewa. Gaskiyar magana daga mita 100 zuwa 300 duk biyar ɗin nan ba wanda zai ba ka kunya, kuma uku daga ciki ma gida ɗaya suka fito. Kamfanin Winchester ne ya fito da .308 a 1952, kwansonsa milimita 51, bayan shekara biyu NATO ta ɗauki irinsa ta sa masa 7.62x51, shi ne abin da bindigar G3 ke ci, wadda ake kira jim talata da ka sani a hannun sojoji. A 1955 Winchester suka matse wuyan wannan kwanson ya koma milimita 6, shi ne .243, a 1980 kuma Remington ta matse shi zuwa milimita 7 aka samu 7mm-08. Shi .270 dattijo ne, tun 1925, kwansonsa dogo irin na .30-06. Creedmoor ne ɗan autansu, kamfanin Hornady ne ya yi shi a 2007 musamman don masu gasar harbin nesa, duk da shi kansa milimita 6.5 ɗin ba sabon abu ba ne, mutanen Suwidin da Norwe tun 1894 suke da 6.5x55 kuma har yau da shi suke farautar manyan namun dajinsu.

Ban ce abokan nan naka ƙarya suke yi ba fa da suke cewa Creedmoor ya fi a harbin nesa. Kan harsashinsa siriri ne dogo, giren 140 wato wajen giram 9, yana fita da gudun mita 820 a daƙiƙa ko kusa da haka, kuma zanen cikin bututun yana murɗa shi sau ɗaya a duk inci 8 don kada ya yi tangaɗi, to siririn abu mai nauyi iska ba ta cika ture shi ba kuma ba ya saurin gajiya. Shi .308 mai giren 175 in ya doshi mita 900 gudunsa ya sauko kusa da gudun sauti, daga nan sai ya fara rawa, Creedmoor kuwa a wannan wurin da sauransa. Sannan ba ya dukan kafaɗa sosai, kana iya ganin inda harsashinka ya sauka ta cikin darbil, wato madubin saiti mai kawo nesa kusa, ba tare da bindigar ta ɗauke maka ido ba. Duk wannan haka yake. Abin da nake so ka duba shi ne filin nadin naku mita nawa ne. In allon ƙarshe yana mita 200 ko 300, to fifikon nan da ake ta yi maka waƙarsa ba za ka taɓa ganinsa da idonka ba, bambancin bai kai kuskuren da numfashinka da yatsanka a kan kunama za su jawo ba.

Kuma akwai abin da mai shago ba zai faɗa maka ba, bututu yana cinyewa. Duk lokacin da aka tura albarushi mai yawa ta ƙaramin rami wutar tana cin maƙogwaron bututun. Masu gasa suna lissafa .308 yana kai harbi 5,000 har ya wuce kafin saitinsa ya fara watsewa, Creedmoor wajen rabin haka, .243 kuwa ya fi su saurin ƙonewa. Mafarauci da ke harba kwali ɗaya a shekara wannan bai dame shi ba, jikansa ma zai gaji bindigar. Amma kai da ka ce duk Juma'a da yamma kana nadi, yi lissafi da kanka, ka kuma tambayi nawa ne canjin bututu da wa zai yi maka shi da irin takardun da zai ci.

.243 mai daɗin harbi ne wallahi, ba duka ba wahala, in Hajara ce za ta koya ko yaro ya tasa shi zan ce a ba su, kuma ga dabba mai girman barewa ya isa. 7mm-08 kuwa in a takarda ne ni shi na fi so, ya tsaya a tsakiya daidai, amma maraya ne a shaguna. Ka zaga ka gani da idonka.

Shi .270 na maharba ne, giren 130 yana fita da wajen mita 930 a daƙiƙa, yana tafiya a miƙe, a kan dutse inda ba ka da tabbacin nisa wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Lokacin da nake tuƙa maigidana na da, Allah ya jiƙansa, mukan haye Bur Sudan su shiga duwatsun bakin Bahar Maliya neman wa'al, wato akuyar dutse, da izinin hukumar namun daji ta can, kuma .270 da .30-06 su ne suka fi yawa a motar. Amma ba na zaman benci a yi ta ɓarin harsashi ba ne, bututun farauta siriri ne, harbi kaɗan ya yi zafi ramukan allo su fara hawa sama, ga albarushi da yake sha.

A irin tafiyar nan ne wani baƙon maigida ya zo da wata bindigar Bajamushe, ƙotar gyaɗar turawa mai sheƙi, an yi mata zane har a jikin ƙarfe, kowa sai da ya karɓa ya shafa. Harsashinta wani iri ne da shi kaɗai ke da shi, kwali biyu ya zo da su cikin wata ƙaramar jaka, jakar kuma ta yi batan dabo tsakanin jirgi da masauki. Aka bi gari kaf ba a samu ko ƙwaya ɗaya ba. Masu .30-06 suna ta ba juna aro, shi kuwa haka ya kwana ya tashi yana goge ta da ƙyalle a bakin tanti, ƙarshe da ta direban ɗaya motar ya yi farautarsa. Bindigar da ba harsashi ai sanda ce, sandar ma mai nauyi. Saboda haka kafin ka zaɓa ka shiga shaguna masu lasisi, in lokacin baje kolin shaho da farauta na Malham da ke kusa da Riyad ya yi ka je can ma, kada ka tsaya kallon bindigogi, ka kalli kantar harsashi. Wanne ne ke nan kala-kala daga kamfani daban-daban, wanne ne sai an ce maka dawo wata mai zuwa, kuma kwalin 20 riyal nawa.

Ni dai in ni ne, kuma bindiga ɗaya zan saya, .308 zan ɗauka, mai bututu mai ɗan kauri. Ana yin sa a ko'ina a duniya, akwai mai araha na koyo akwai na gasa mai giren 168 da 175 akwai na farauta daga 150 zuwa 180, kuma in wata rana Allah ya kai ka Namibiya ko Afirka ta Kudu zai yi maka aiki har kan dabba mai girman gwanki. Yana duka fiye da Creedmoor, eh, amma kai ba ƙaramin mutum ba ne, a sa roba mai kyau a gindin ƙota shi ke nan. In kuma ka tabbatar akwai filin mita 600 zuwa sama da za ka riƙa zuwa da gaske ba a baki ba, kuma harsashin yana samuwa, to ɗauki Creedmoor ba zan yi fushi ba. Rarar kuɗin ka zuba a darbil mai kyau da abin toshe kunne, ka ga yadda nake sa ku maimaita magana yanzu.

Maganar farauta kuma, kada ka sayi bindiga da tunanin za ka shiga sahara ka harbo barewa. Wancan zamanin ya wuce. Barewa da mariri da wa'al duk an hana, mariri ma sai da ya ƙare a daji aka dawo da shi da ƙyar a wurare irin Mahazat as-Sayd da Uruƙ Bani Ma'arid, tarar kuma ba ta wasa ba ce, ta damisa kaɗai riyal 400,000. Izinin farauta ta manhajar Fitri ta hukumar namun daji ake nema, yana da lokacinsa da irin tsuntsayen da aka yarda da irin makamin da aka yarda, ka karanta na shekarar da kanka kada ka dogara da ance. Haramin Makka da na Madina kuwa ba sai na tuna maka ba. In an je inda ya halatta, ka yi bismilla kafin ka ja kunama, in ka tarar da sauran rai ka yanka, kuma ka sa harsashi mai taushin baki wanda ke buɗewa a jiki, kada ka sa na gasa ko mai rigar ƙarfe irin na soja, wannan hudawa kawai yake ya wuce dabba ta tafi ta mutu a wahale a inda ba za ka same ta ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin saiti, gwaji a allo ake yi.

Sai zancen ɗura harsashi da hannu, wato mutum ya sake cika kwanso da albarushi da kansa, da ka ce kana kallo a YouTube. Waɗancan mutanen a Amurka suke, dokarsu daban. Albarushi da makunnin gindin kwanso kayan fashewa ne a idon hukuma, izinin riƙe bindiga kuma bai zama izinin ajiye su ba, saboda haka ko injin matsewar kada ka yi oda sai ka je ka tambaya an ba ka a rubuce. In an ce a'a, magana ta ƙare, kada in ji wani ya ce zai kawo maka ta bayan fage.

Amma tunda ka tambaya wanne ya fi a wannan fannin, nan ma .308 ne mai sauƙin hali, kwansonsa ko'ina, kan harsashin inci .308 ya fi kowanne yawan iri, littattafan awo na kamfanoni sun cika da shi. Creedmoor na biye da shi, Lapua da Hornady duk suna yin kwansonsa. Sai dai kwanson soja ba ɗaya yake da na kasuwa ba, ya fi kauri cikinsa ya fi ƙunci, awon da ya yi daidai a wancan sai ya yi yawa a wannan, da yawansu kuma makunninsu irin Berdan ne mai rami biyu, in ka leƙa da tocila za ka gani, wannan ba ya ɗuruwa da kayan da aka saba. Masu yi da hankali daga awo mafi ƙanƙanta na littafin suke farawa su hau a hankali, gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur, ba waya ba hira, don albarushin ƙaramar bindiga in ya shiga kwanson babba fuska yake ɗaukewa.

Kuma zafin ƙasar nan ka sa shi a lissafi ko da harsashin kamfani ne. Na ga wanda ya bar kwali a gaban gilashin mota tun hantsi, da la'asar ya harba, sai hannun sakatar ya ƙi ɗaguwa sai da ya buga da tafin hannu, da kwanson ya fito makunnin ya baje sumul ya cika raminsa, ga wani ɗan tabo mai ƙyalli a kan rubutun gindin. Wannan alamar ƙarfin ya wuce kima ne, in ka ga haka ka tsaya, kada ka ce bari in ƙara ɗaya in gani. Harsashi a inuwa yake zama. Sannan in kun fita da abokai kowa ya riƙe nasa a aljihunsa, .308 yana iya shigewa cikin .270 a rufe a harba, kan harsashin ya fi ramin bututun faɗi, bututu ya tashi. Ka karanta rubutun gindin kwanso ka karanta na jikin bututu duk lokacin da za ka ɗura, ko da kai kaɗai ne a wurin.

Akwatin ƙarfe mai makulli ka saye shi kafin bindigar ta shigo gida, harsashi a wani wurin daban, makullin a jikinka, ka san ɗan naka ba abin da hannunsa ba ya kaiwa. Innarka ta ce in gaya maka ita duk wannan bai kwanta mata ba, ka kira ta ka lallashe ta da kanka. In ka je shagon ka ɗauko min hoton kantar harsashin da farashin ka turo kafin ka biya. Ka gaida Hajara da maigidan ƙarami, Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka